Yadda Ake Fitar da Lambobin Neman Biya na Tiyatar Ƙashi da Allurar Gadon Baya a Tsarin Amurka

Wanda ya saba da asibitocinmu, inda ake biya a taga a karɓi rasit kafin a shiga ɗakin tiyata, zai sha mamaki idan ya ga yadda likitan ƙashi yake samun kuɗin aikinsa a Amurka. Aikin da likita ya shafe awa biyu a tsaye yana yi, sai an mayar da shi 'yan lambobi a kan takarda, a tura wa kamfanin inshora ko Medicare, wato shirin gwamnatin tarayya mai kula da masu shekara 65 zuwa sama da wasu masu buƙata ta musamman. Wanda zai biya bai ga majinyaci ba, bai shiga ɗakin tiyata ba, lambobin nan su kaɗai yake gani. Wannan jagora na wanda ya shiga wannan sana'a ne ko yake shirin shiga, kuma na zaɓi ɓangaren ƙashi da allurar baya domin a nan ne sababbin hannu suka fi yin tuntuɓe.

Kafin komai, sai ka san kundaye uku da aikin yake tsaye a kansu. Na farko shi ne CPT, mallakar Ƙungiyar Likitocin Amurka, wadda ta fara buga shi a 1966, kuma lambobinsa masu alƙaluma biyar su ne suke faɗin abin da aka yi wa majinyaci. Na biyu shi ne ICD-10-CM, wanda Amurka ta koma amfani da shi ranar 1 ga Oktoba 2015, shi kuma yana faɗin dalilin da ya sa aka yi aikin. Na uku shi ne HCPCS kashi na biyu, mai harafi ɗaya da alƙaluma huɗu, wanda ya ƙunshi magunguna da kayan aiki. Sabon CPT yana fara aiki kowace ranar 1 ga Janairu, manyan canje-canjen ICD-10-CM kuwa ranar 1 ga Oktoba, kuma ranar da aka yi aikin ce take nuna bugun da za ka buɗe, ko da kuwa sai bayan wata biyu takardar ta iso teburinka.

Mataki na farko: karanta rahoton tiyata tun daga farko har ƙarshe

A saman kowane rahoto likita yakan rubuta sunan aikin da ya yi, kuma malalacin ma'aikaci a nan yake tsayawa. Kada ka tsaya a nan. Sunan da ke sama sau da yawa shi ne abin da aka yi niyya, cikin rahoton kuwa shi ne abin da ya faru bayan an buɗe wurin. Ka karanta da alƙalami a hannu, kana neman amsar wasu tambayoyi: wane gefe ne, dama ko hagu, an yanka an buɗe ne ko ta 'yar kafa aka zura kyamara, gaɓa nawa ko hawa nawa na ƙashin baya aka taɓa, an yi amfani da na'urar hoto wajen shiryar da allura, kuma an ajiye hoton, wane magani aka zuba kuma miligiram nawa. Idan amsar ɗaya daga cikinsu babu ita a rubuce, ka aika wa likita tambaya a rubuce, shi ya yi ƙarin bayani ya sa hannu da kwanan wata. Ba ka da ikon cike gurbin da abin da kake zato, ko da ka san cewa wannan likitan bai taɓa yin allura ba tare da hoto ba, domin a wurin mai bincike abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba.

Mataki na biyu: lambar cuta

Lambobin ciwon ƙashi da gaɓoɓi suna farawa da harafin M, na rauni da karaya kuma da harafin S. Tsarin yana son a faɗi gefe, shi ya sa zaizayewar gaɓar gwiwar dama ita ce M17.11, ta hagu M17.12, ta kwatangwalon dama kuma M16.11. A gadon baya, ciwon da ke bin jijiya daga ƙugu ya sauka ƙafa shi ne M54.16, amma idan likita ya bayyana cewa faifan da ke tsakanin ƙasusuwa ne ya danne jijiyar, sai a koma M51.16, kuma kundin ya hana haɗa su biyun a kan ciwo ɗaya. Ƙuncewar hanyar laka a ƙugu tana da fuska biyu: M48.062 idan majinyaci yana fama da ciwo da nauyin ƙafafu in ya yi tafiya, M48.061 idan babu wannan. Ka lura cewa lambobi suna mutuwa. M54.5, wadda aka daɗe ana rubutawa don ciwon ƙugu, an tsaga ta a Oktoban 2021 ta zama M54.50 da M54.51 da M54.59, kuma har yau ana samun tsohuwar a cikin fom ɗin da ba a sabunta ba.

Lambobin karaya suna da harafi na bakwai, wanda mutane da yawa suke yi wa gurguwar fahimta. Harafin A ba ya nufin zuwan farko kawai, yana nufin duk lokacin da ake kan ainihin maganin karayar, saboda haka majinyacin da aka gani a sashen gaggawa ranar Litinin aka yi masa tiyata ranar Alhamis, a duka biyun A ne. Harafin D na lokacin jinya ne bayan an gama ɗori ƙashi yana haɗewa yadda ya kamata, K na ƙashin da ya ƙi haɗewa, P na wanda ya haɗe a karkace, S kuma na larurar da raunin ya bari. Wani abin lura shi ne tsohuwar da aka san tana da rashin ƙwarin ƙashi, ta zame a ɗaki ta karye ta hanyar da lafiyayyen ƙashi ba zai karye ba. Wannan karayar tana ƙarƙashin M80, ba a cikin lambobin S ba.

Mataki na uku: lambar tiyatar ƙashi

Lambobin ƙashi da tsoka suna tsakanin 20000 da 29999, an jera su daga kai zuwa ƙafa, sannan aka ware tiyatar kyamara a ƙarshe. Canjin gwiwa gaba ɗaya shi ne 27447, canjin kwatangwalo gaba ɗaya 27130. Amma idan wuyan ƙashin cinya ne ya karye aka sa wa majinyaci kan ƙarfe a madadin nasa, lambar ita ce 27236, ta maganin karaya, ko da yake aikin ya yi kama da rabin canjin kwatangwalo mai lamba 27125. Dalilin aikin ne ya raba su.

A tiyatar kyamara ta gwiwa, datse guringuntsin da ake kira meniskas a ɓangare ɗaya, na ciki ko na waje, shi ne 29881, a ɓangarorin biyu kuma 29880. Tun daga 2012 waɗannan lambobin sun haɗiye kankare guringuntsin fuskar gaɓa, saboda haka ƙara 29877 a gwiwa ɗaya neman biya sau biyu ne. A kafaɗa, ɗinke jijiyoyin da suka yage da kyamara shi ne 29827, buɗe sararin da ke ƙarƙashin ƙashin kafaɗa kuma 29826, wadda lambar ƙari ce. Lambar ƙari, wadda ake gane ta da alamar tarawa a gabanta cikin kundin, ba ta tafiya ita kaɗai, dole sai da uwarta.

Karayar wuyan hannu tana koyar da yadda ake karatun kundin. Idan an ɗaure ba tare da an ja ƙashin an daidaita ba, 25600 ce, idan an ja an daidaita 25605. Idan an yanka an sa ƙarfe, sai ka duba ko karayar ta shiga cikin gaɓa: in ba ta shiga ba 25607, in ta shiga kuma gutsure biyu aka haɗa 25608, uku zuwa sama 25609. Likitan da bai rubuta adadin gutsuren ba ya tilasta maka ka koma ka tambaye shi.

Haɗe ƙasusuwan baya yana da nasa lissafin, domin ana ƙirga abu biyu daban. Shi haɗin da kansa ana ƙirga shi da tazarar da ke tsakanin ƙashi da ƙashi, ƙarafan da aka kafa kuwa da adadin ƙasusuwan. A ce an haɗe daga L4 zuwa S1 ta baya, wato daga ƙashi na huɗu na ƙugu zuwa na farko na ƙashin gindi, an haɗa da cikin gurbin faifai da gefe. Tazara biyu ke nan, L4-L5 da L5-S1, saboda haka 22633 da 22634, amma ƙasusuwa uku aka ɗaure da sukurori, saboda haka 22842, wadda ta ƙunshi uku zuwa shida. Kowane gurbin faifai da aka sa wa keji, wato ɗan abin da ake cusawa ya tokare tsakanin ƙasusuwan biyu, yana da 22853 nasa.

Mataki na huɗu: allurar gadon baya

A nan zan daɗe, domin a nan ne kuɗi suka fi maƙalewa. Tambayar farko ita ce ta ina allurar ta shiga kuma ina ta nufa, ta biyu a wane yanki na baya, ta uku hawa nawa.

Allurar efidural, wato mai zuba magani a sararin da ke kewaye da rufin laka, wadda ake shigarwa ta tsakiyar baya, tsakanin fukafukan ƙasusuwa biyu, tana da lambobi huɗu tun Janairun 2017, lokacin da aka soke 62310 da 62311. A wuya ko ƙirji, 62320 ce idan babu hoto, 62321 idan da hoto. A ƙugu ko ƙashin gindi, 62322 babu hoto, 62323 da hoto, kuma wadda ake shigarwa ta can ƙasa kusa da ƙashin wutsiya ita ma a nan take. Waɗannan ba su da dama ko hagu, domin maganin yana bazuwa ne a tsakiya, kuma kuɗin hoton yana ciki, don haka ba a ƙara 77003, lambar shiryar da allura da hoto.

Allurar da ake shigarwa ta gefe, ta ƙofar da jijiya take fitowa, ita kuwa tana da gefe kuma ana ƙirga ta hawa-hawa. A wuya ko ƙirji, hawan farko 64479, kowane ƙari 64480. A ƙugu, hawan farko 64483, kowane ƙari 64484. Hoton fuloroskofi, wato X-ray da ake kallo yayin da ake aikin, ko na CT sharaɗi ne a cikinsu. Iyakar da ke tsakanin ƙirji da ƙugu, wato T12-L1, kundin ya ba wa lambobin wuya da ƙirji.

Sai allurar ƙananan gaɓoɓin da ke bayan ƙashin baya, waɗanda ake kira faset. A wuya ko ƙirji lambobin su ne 64490 da 64491 da 64492, a ƙugu kuma 64493 da 64494 da 64495, ta ukun tana ɗaukar hawa na uku da duk abin da ya biyo baya, kuma sau ɗaya ake rubuta ta. Tarkon da ke nan shi ne, sau da yawa likita ba ya shiga cikin gaɓar, yana kashe zafin ƙananan jijiyoyin da ke kai mata saƙo ne, alhali kowace gaɓa jijiya biyu take da su. Gaɓar L4-L5 tana samun reshe daga L3 da L4, gaɓar L5-S1 kuma daga L4 da L5. A watannina na farko a wannan aiki, wani rahoto ya zo hannuna an rubuta cewa an yi allura a jijiyoyin L3 da L4 da L5 na gefen hagu. Na ƙirga allura uku, na rubuta lambobi uku, ina ganin na yi ƙwazo. Wadda take duba aikina, wata dattijuwa da ta shekara da shekaru a sana'ar, ta ɗauko ƙashin baya na roba da ke kan teburinta, ta ɗora yatsa a kan gaɓa ɗaya ta ce in nuna mata jijiyoyinta, sannan ta matsa ƙasa ta ce in sake. Da na ga jijiyar L4 ta fito sau biyu, ban bari ta ƙarasa ba. Allura uku, gaɓa biyu, wato 64493 da 64494. Haka lissafin yake idan an ƙona jijiyoyin da zafin na'ura: 64633 da 64634 a wuya ko ƙirji, 64635 da 64636 a ƙugu, gaɓa ake ƙirgawa.

Allurar gaɓar da ta haɗa ƙashin gindi da ƙashin ƙugu ita ce 27096, da sharaɗin hoto. Idan an yi ta ko ta faset ba tare da hoto ba, kundin ya ce a sauko zuwa lambar allurar tsoka, 20552, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Maganin da aka zuba yana da lambarsa idan a ofishin likita aka yi aikin kuma shi ya sayi maganin. Ana ƙirga shi da ma'aunin da ke cikin bayanin lambar. J3301 na triamcinolone miligiram 10 ne, saboda haka miligiram 40 raka'a huɗu ke nan. J1100 na dexamethasone miligiram ɗaya ne, miligiram 10 raka'a goma. Tun Yulin 2023 Medicare tana son a liƙa alamar JZ a bayan lambar maganin idan kwalbar amfani sau ɗaya ce kuma ba a zubar da komai ba, ragowar da aka zubar kuwa a rubuta ta a layi daban da JW.

Mataki na biyar: kwanakin da kuɗin tiyata ya rufe

Mai ɗorin gargajiya idan ya karɓi ladansa, ba ya sake neman wani kuɗi duk ranar da aka dawo masa ya kwance karan ya duba ya mayar. Haka tsarin Medicare yake. Kowace lambar tiyata tana da kwanakin da kuɗinta ya rufe: sifili, 10 ko 90. Manyan ayyuka irin su 27447 suna da 90, a haɗa da ranar aikin da jajiberinta, kwana 92 ke nan, kuma duba rauni da cire zare a cikin wannan lokaci ana rubuta su da 99024, wadda ba ta ɗauke da kuɗi. Allurar efidural sifili ce, ƙona jijiyar faset kwana 10. Ɗaurin karaya irin 25600 ma yana da kwana 90, filastar farko tana ciki.

Abin da ke buɗe wannan rufin shi ne modifaya, wato alama mai harafi ko alƙalami biyu da ake liƙawa a bayan lamba. Ana liƙa 57 a kan lambar ganin likita idan a ranar ko jajiberin babbar tiyata ne aka yanke shawarar yin ta, 25 kuma idan ƙaramin aiki ne aka yi tare da wani dubawa mai zaman kansa. Majinyacin da aka ba ranar zuwa don allurar gwiwa kawai, 20610, gaisuwa da taɓa gwiwar ba su isa a nemi kuɗin ganin likita ba, kuma yawan liƙa 25 yana cikin abubuwan da ke jawo idon masu bincike. A cikin kwana 90 ɗin, 58 na aikin da aka tsara tun farko a yi shi kashi-kashi ne, 78 na komawa ɗakin tiyata ba shiri saboda matsala, 79 na aikin da bai da alaƙa da na farko, 24 kuma na ganin likita a kan wani ciwo daban. LT da RT suna nuna gefe. Idan an yi aikin a gefe biyu, 50 ce, kuma Medicare tana biyan kashi 150 cikin 100. A kan lambobin ƙari kuwa, tun 2020 kundin CPT ya ce a rubuta su sau biyu a maimakon liƙa 50, amma masu biya ba su yi baki ɗaya ba, saboda haka ka nemi rubutacciyar ƙa'idar wanda za ka tura wa.

Mataki na shida: tace lambobin kafin turawa

Tun 1996 hukumar CMS, mai gudanar da Medicare, take da jadawalin da ake kira NCCI, wanda ke nuna lambobin da ba a biyansu tare, kuma ana sabunta shi duk wata uku. A gaban kowane biyu akwai alama: sifili yana nufin babu modifayar da za ta raba su, ɗaya yana nufin ana iya rabawa idan da hujja. Modifaya 59, da 'yan'uwanta XS da XE da XP da XU, an yi su ne don aikin da aka yi a wani wuri daban ko wani zama daban. Wanda ya mayar da ita mabuɗin kowace ƙofa yana tara wa likitansa bashi ne, domin ranar da aka zo bincike za a nemi a dawo da kuɗin.

Bayan wannan sai sharuɗɗan cancanta da 'yan kwangilar Medicare suke fitarwa a yankunansu. A allurar efidural, ƙa'idojin da suka fito a 2021 sun taƙaita zama huɗu a yanki ɗaya na baya cikin wata 12, kuma allurar gefe ba ta wuce hawa biyu a zama ɗaya. A faset, ana son allurar gwaji biyu, kowace ta rage ciwon da kashi 80 cikin 100, kafin a ƙona jijiya, ana liƙa KX a kan na gwajin, kuma hawa na uku ba kasafai ake biyansa ba. Daga Yulin 2023 aikin faset a sashen marasa kwanciya na asibiti yana buƙatar izini tun kafin a yi shi.

Mataki na bakwai: cike fom da bin sawu

Kuɗin likita ana nemansa da fom ɗin CMS-1500, ko takwaransa na kwamfuta 837P. Gida na 21 yana ɗaukar lambobin cuta har 12, daga A zuwa L. A gida na 24 ake jera ayyuka, mafi tsada a sama, domin na farko ake biya cikakke, na bayansa rabi, ban da lambobin ƙari da ba a rage su. Lambar wurin aiki tana canza kuɗi: 11 ofishin likita, 21 majinyacin da aka kwantar, 22 sashen marasa kwanciya, 24 cibiyar tiyatar yini. Ga yadda takarda ɗaya take kasancewa: an yi allurar gefe a L4-L5 da L5-S1 na dama a ofis, da dexamethasone miligiram 10, saboda ciwon jijiyar ƙugu. Layin farko 64483-RT, na biyu 64484-RT, na uku J1100 raka'a goma, kowanne yana nuni zuwa M54.16, wurin aiki 11.

Medicare tana ba da wata 12 daga ranar aiki a tura takarda, kamfanoni masu zaman kansu da yawa kuwa ba sa ba da haka. Idan an ƙi biya, amsar tana zuwa da lambar dalili: CO-97 tana cewa aikin yana cikin wani da aka riga aka biya, CO-50 ba a gamsu da cancantarsa ba, CO-4 modifaya ba ta dace ba ko babu ita, CO-197 babu izini, CO-29 lokaci ya wuce. Kuskuren rubutu gyara shi ake yi a sake turawa, amma ƙin da ya shafi cancanta ɗaukaka ƙara yake buƙata, kuma matakin farko a Medicare kwana 120 ne, a haɗa da rahoton aikin da bayanan zuwan baya da ke nuna magungunan da motsa jikin da aka gwada da ma'aunin ciwo kafin allura da bayanta. Idan kuma a bin sawun ka gano cewa an biya fiye da kima, kamar wanda ya rubuta gaɓa uku alhali biyu ne kuma takardar ta wuce, doka ta ba da kwana 60 daga ranar da aka gano a sanar a mayar da kuɗin, kuma kai da ka gani ne za ka fara kai maganar ga mai kula da bin ƙa'ida na asibitin, a rubuce.